Shin ɗaliban koyon walda za su karɓi tabaron VR da muhimmanci?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata cibiyar koyar da sana'o'i, ina kula da sashen walda. Wata ƙungiya ta yi mana tayin tabaron VR da manhajar koyon walda, an ce zai rage mana kuɗin ilaktirod da ƙarfe da man janareto. Abin da ke damuna shi ne yaran. Da yawansu sun taɓa zama a shagon oga, sun saba da ƙarfe na gaske. Shin za su ɗauki abin da muhimmanci, ko za su mayar da shi wasan gem? Idan kuma sun karɓe shi, zai sa su iya walda?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta ƙunshi abubuwa biyu waɗanda masu tallar irin wannan kaya sukan haɗe su wuri ɗaya, alhali kuwa kowanne da hanyarsa. Na farko shi ne ko ɗalibi zai yarda da na'urar har ya riƙa komawa gare ta da niyyar koyo, na biyu kuma shi ne ko abin da ya koya a cikinta zai bi shi zuwa gaban ƙarfe. Amsata a taƙaice ita ce, kusan duk ɗalibanka za su yi murna da tabaron VR, wato wanda ake sawa a fuska mutum ya ga kamar yana cikin wurin da kwamfuta ta zana, a makon farko, amma waɗanda za su ci gaba da girmama shi bayan ɗoki ya wuce su ne waɗanda suka ga da idonsu cewa ɗinkin da suke yi a kan ƙarfe na gaske ya gyaru saboda shi. Saboda haka yadda kuka jera darasin ya fi ƙarfin na'urar tasiri a kan karɓuwarta.

Koyar da aiki ta hanyar kwaikwayo ba sabon abu ba ne. Tun a 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera akwatin da ake koya wa matuƙan jirgin sama tuƙi a cikinsa ba tare da sun bar ƙasa ba, kuma an horar da matuƙa masu yawan gaske da shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1968 Ivan Sutherland ya gwada tabarau na farko da ke nuna hoton kwamfuta wanda yake juyawa idan mutum ya juya kansa. Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne farashi. Bayan Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera tabaron VR a 2014 kan kimanin dala biliyan 2, tabaron ya yi ta sauƙi har aka fitar da samfurin Quest 2 a 2020 a kan dala 299, ba ya kuma bukatar a haɗa shi da wata kwamfuta. Shi ya sa yanzu ƙungiya za ta iya sayen guda biyar ko goma ta kai wa cibiya irin taku.

Ya kamata tun farko ka tantance irin abin da ake son ba ku, domin na'urorin koyon walda iri biyu ne kuma ɗalibai ba sa kallonsu da ido ɗaya. Akwai na'urori na musamman irin su VRTEX na kamfanin Lincoln Electric, da Virtual Welding na Fronius, da Soldamatic wanda ake ƙerawa a Sifaniya, inda ɗalibi yake riƙe da mariƙi mai siffa da nauyin na gaske, yana aiki a kan faranti na roba da aka daidaita a gabansa. A wasu daga cikinsu sandar ma takan riƙa ja da baya kamar yadda ilaktirod, wato sandar walda ta gaske, yake ƙonewa yana gajarta. Sai kuma tabarau na gama-gari wanda ake sa masa manhaja, ɗalibi ya riƙe 'yar na'urar roba irin ta wasan gem yana zana layi a iska. Na farkon yana da tsada ƙwarai, amma hannun ɗalibi yana jin wani abu. Na biyun shi ne wanda yawanci ake bayarwa kyauta, kuma shi ne wanda yaron da ya zauna a shago yake saurin rainawa.

Ɗokin makon farko

Ranar da aka fara kawo tabaron aji, ba ka bukatar ka kira kowa. Wanda bai taɓa zuwa a kan lokaci ba ma zai riga ka isowa, za a yi layi, a yi ta dariyar wanda yake miƙa hannu yana neman taɓa teburin da babu shi. Idan aka raba takardar jin ra'ayi a wannan ranar, kusan kowa zai rubuta cewa abin ya burge shi kuma yana son a ci gaba. Yawancin rahotannin da ƙungiyoyi suke rubutawa game da karɓuwar VR daga irin wannan rana suke fitowa, kuma ina roƙonka kada ka gina hukunci a kansu.

Dalilin wannan gargaɗi yana cikin bincike. A 2019 Guido Makransky na Jami'ar Kopenhagen tare da abokan aikinsa, ciki har da Richard Mayer, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da darasin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, inda ɗalibai suka yi shi a allon kwamfuta da kuma cikin tabarau. Cikin tabarau ɗaliban sun fi jin kamar suna wurin da gaske, amma sun koyi ƙasa da abin da suka koya a allo. Hankalinsu ya tafi ga kallon sabuwar duniyar, bai tsaya a kan darasin ba. Wannan bai nuna cewa VR ba shi da amfani ba, sai dai ya nuna cewa jin daɗin ɗalibi da ƙaruwarsa abubuwa ne da dole a auna kowanne daban.

Abin da ke sa ɗalibi ya yarda da ita

Masu nazarin yadda mutane suke karɓar sabuwar fasaha sun daɗe suna dogaro da bayanin da Fred Davis ya gabatar a 1989, cewa abubuwa biyu ne suke kan gaba: mutum ya ga abin zai amfane shi a aikinsa, kuma ya ga yana da sauƙin sarrafawa. A cikin biyun, ganin amfani ya fi ƙarfi. A 2003 Viswanath Venkatesh da wasu masana suka faɗaɗa bayanin, suka ƙara ra'ayin mutanen da mutum yake girmamawa, da kuma samuwar kayan tallafi kamar wuta da mai gyara da wanda zai nuna hanya. Na samu wannan tsari ya dace sosai da abin da nake gani a ɗakin koyon walda, muddin an fahimci abin da ɗan koyo yake nufi da amfani. Shi bai zo don ya ga fasaha ba. Ya zo don ya ci jarrabawar ƙwarewar sana'a ta Trade Test ko ta NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, ya iya haɗa ƙofa da taga da tankin ruwa wanda ba zai yi yoyo ba, ya samu abin kai wa gida. Duk abin da bai ga alaƙarsa da wannan buri ba, wasa ne a wurinsa, ko da kuwa ya ji daɗinsa.

Wanda ya fi saurin ganin amfanin shi ne sabon shiga, kuma ya dace a tsaya a duba dalili. Ka san halin yaro a ranar da ya fara riƙe mariƙi. Ya rufe fuskarsa da gilashi mai duhu, ba ya ganin komai, ya dangwala ilaktirod a kan ƙarfe sai ya maƙale, injin ya hau gurnani, ya fizge da ƙarfi, ɓawon sandar ya farfashe. Ya sake gwadawa, wuta ta tashi da ƙara, tartsatsi ya sauka a kan hannun rigarsa, sai ya janye da sauri har wutar ta mutu. Duk wannan a gaban abokansa yake faruwa, kuma ya san kowace sanda da ya ɓata kuɗi ce da za a yi masa magana a kanta. Tsoro da kunya da lissafin asara sun cika masa kai, babu wurin da zai ajiye bayanin da aka yi masa game da karkata hannu. Na'urar kwaikwayo tana cire waɗannan ukun gaba ɗaya. Zai iya maimaita layi ɗaya sau da yawa ba tare da ya ƙone ko an yi masa tsawa ba, kuma tana nuna masa a take abubuwan da malami ba zai iya gani da kyau ta bayan kafaɗarsa ba: yadda ya karkata sandar zuwa gefe, yadda ya karkata ta zuwa inda yake tafiya, tazarar da ke tsakanin bakinta da ƙarfe, da saurin tafiyar hannunsa. Idan an ce masa tazarar nan kada ta wuce kaurin ƙarfen da ke cikin sandar, a fili magana ce kawai, amma a cikin tabarau yana ganin alama tana canza launi duk lokacin da ya ɗaga hannu fiye da kima. Irin wannan ɗalibi shi ne yake komawa ga na'urar da kansa.

Yaron da ya yi shekara biyu a shagon oga kuwa labarinsa daban ne, kuma damuwarka a kansa tana bisa hanya. Shi ya riga ya san nauyin waya tana jan hannunsa, ya san zafin da ke ratsa safar hannu, ya san ƙarar da wuta take yi idan an daidaita ta da wadda take yi idan ta yi yawa. Da ya sa tabarau ya ji babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ya yanke hukunci cewa abin ƙarya ne. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne maki. Sau da yawa na'urar takan ba shi maki ƙasa da na sabon shiga, domin ya saba da wata karkatar hannu da ya gada a shago wadda take riƙe ƙofa amma ba ta dace da ƙa'idar da aka saka wa manhajar ba. Idan aka karanta wannan makin da ƙarfi a gaban aji, ka rasa shi, zai ce na'ura ba ta san walda ba, kuma sauran za su bi bayansa saboda shi suke kallo a matsayin gwani.

Hanyar da na ga tana aiki da irin waɗannan ita ce a bar ƙarfe ya yi shaida. A sa shi ya haɗa faranti biyu na ƙarfe yadda ya saba, a yanka ɗinkin ko a lanƙwasa shi a matse har ya buɗe, a nuna masa inda wuta ba ta ratsa ba ko inda dauda ta maƙale a ciki. Daga nan sai a koma ga abin da na'urar ta nuna game da saurinsa ko tazararsa, ya ga cewa laifin da ta faɗa shi ne ya bayyana a cikin ƙarfen. Yaron da ya ga wannan a keɓe, ba a gaban jama'a ba, yakan zama wanda ya fi kowa amfani da na'urar, musamman wajen koyon walda a tsaye da ta sama da kai, waɗanda ba kasafai ake ba yaro dama ya taɓa su a shago ba.

Maganar manya tana da nauyi a nan fiye da yadda masu kawo kayan suke zato. Ɗalibinka idan ya tashi daga cibiya shago yake komawa, kuma idan ogansa ya ce wannan wasan yara ne, maganar ta zauna. Kasuwa irin Panteka ta Kaduna ta yaye masu sana'a da yawa ba tare da wani tabarau ba, kuma masu irin wannan tarihi suna da hujjar yin shakka. Ya fi dacewa ku gayyaci wasu daga cikin iyayen gidan yaran su zo su gwada da hannunsu, a nemi ra'ayinsu da girmamawa game da inda ta yi daidai da inda ta kauce. Haka su ma malaman sashenka. Malamin da yake jin an kawo na'ura don a rage masa daraja, ko wanda yake tsoron ya ji kunya a gaban ɗalibai saboda bai iya kunna ta ba, ba sai ya furta komai ba, ɗalibai za su karanta a fuskarsa. A ba malamai lokaci su saba da ita su kaɗai kafin ɗalibi ko ɗaya ya gan ta.

Jiki ma yana da nasa hukuncin

Wasu ɗaliban za su guji tabaron ba don raini ba, sai don yana sa su jiri, ko tashin zuciya, ko ciwon kai. Abin yana faruwa ne idan ido ya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana motsi alhali sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yana cewa ana tsaye, irin jirin da wasu suke ji idan suna karatu a cikin mota tana tafiya, sai dai a can ido ne yake cewa ana tsaye, kunne yana cewa ana motsi. An yi sa'a darasin walda ba ya bukatar yawo, don haka matsalar ba ta kai ta manhajojin tuƙi ba, amma tana nan. Wani babban dalilinta shi ne rashin daidaita gilasan biyu da tazarar da ke tsakanin idanun mai sawa. Quest 2, misali, matsayi uku kawai yake da shi, milimita 58 da 63 da 68, kuma wanda idanunsa suka fi haka kusa, kamar wasu mata da ƙananan yara, zai riƙa ganin hoton da dishi-dishi har idonsa ya gaji. Nauyinsa ya kai kusan rabin kilo a kan fuska. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu a ɗakin da babu fanka, gumi ya jiƙa soson da ke manne da fuska, gilashi ya yi hazo, sannan a miƙa wa na gaba. Ɗalibi yana da gaskiya idan ya ƙi sa shi a haka, balle a lokacin da ciwon ido na afolo yake yawo. Murfin roba mai gogewa, da abin tsaftacewa, da zama na minti 15 zuwa 20 a farko, suna magance yawancin wannan. Yaro namiji ba zai yarda ya ce yana jin jiri a gaban abokansa ba, don haka malami ne zai riƙa lura da wanda ya cire tabaron ya yi shiru ko ya nemi wurin zama.

Idan kuna da ɗalibai mata, ku tuna cewa wanda ya sa tabarau ba ya ganin waɗanda ke kewaye da shi, su kuwa suna kallonsa. Mace da yawa ba za ta saki jiki a wannan hali a tsakiyar maza ba, kuma gyara maɗaurin a kan hijabi yana bukatar taimakon wata mace. Ware musu lokacinsu ko kusurwarsu yana canza yadda suke karɓar abin sosai. Harshe ma yana shiga, domin umarnin manhajojin da Turanci yake zuwa, kuma ɗalibin da ya kasa karanta shi yakan ɗora laifin a kan na'urar ya janye.

Ko zai sa su iya walda?

Akwai hujja mai kyau cewa aikin hannu da aka koya a na'urar kwaikwayo yana bin mutum zuwa aiki na gaske. A 2002 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Jami'ar Yale da likitoci 16 masu koyon tiyata, inda waɗanda suka yi atisaye a na'ura suka yi aikin cire jakar matsarmama cikin sauri da kashi 29 cikin 100, kuma kurakuransu suka ragu ƙwarai idan aka kwatanta da sauran. A fannin walda kuwa, Richard Stone da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Iowa sun gwada a 2011 ɗaliban da suka raba lokacinsu rabi a na'ura rabi a kan ƙarfe, suka samu sun yi daidai ko sun fi waɗanda suka yi duka a kan ƙarfe wajen cin gwajin ƙwarewa. Da suka sake gwadawa da waɗanda suka koya a na'ura zalla, sai ya bayyana cewa hakan yana isa ga ɗinki mai sauƙi amma yana gazawa a mafi wuya. Ka lura cewa nasarar a haɗawa take.

Abubuwan da na'urar ba ta koyarwa suna da yawa, kuma su ne rabin sana'ar a wurinmu. Ba ta koya wa yaro karanta narkakken ƙarfe yana gudana, ko daidaita wutar inji lokacin da janareto yake hawa da sauka, ko haɗa bututu siriri mai tsatsa ba tare da ya huda shi ba, ko aunawa da yankawa da ɗaurawa kafin a fara, ko yadda zafi yake murɗa firam ɗin ƙofa idan an yi ɗinki gefe ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. A cikin tabarau babu abin da yake ƙona mutum, saboda haka yaro yana iya sabawa da ɗaukar faranti da hannu bayan ya gama, ko ya raina gilashin fuska, alhali hasken walda yana sa ciwon idon da yake hana barci. Ku sa dokar cewa ko a na'ura sai an sa safar hannu da rigar aiki. Akwai kuma masu wayo da suke gano yadda ake samun maki mai yawa ta bin alamomin da ke kan hoton kawai, ba tare da sun kalli ɗinkin ba. Maganinsu shi ne a riƙa kashe alamomin ɗaya bayan ɗaya yayin da ɗalibi yake ci gaba, har ya yi layinsa babu mai nuna masa komai.

Game da tayin da aka yi muku, ina ganin ku karɓa, bisa sharaɗin cewa kuɗin da aka rage na ilaktirod ba zai zama dalilin rage lokacin aiki a kan ƙarfe ba. Da zarar ɗalibai sun fahimci cewa an ba su tabarau ne domin cibiya ba ta son sayen kayan aiki, za su tsane shi, kuma suna da hujja. Kafin ku sa hannu ku tambaya ko manhajar tana aiki ba tare da intanet ba, ko lasisinta na shekara-shekara ne kuma wa zai biya bayan ƙungiyar ta tafi, ko tana koyar da waldar sanda wadda ita ce ake yi a shagunanmu ko kuwa ta waya da iskar gas kawai, da kuma inda za a samu gyara. Batirin irin wannan tabarau awa biyu zuwa uku yake yi, don haka sai an tanadi wurin caji mai tabbas, da akwatin da zai kare shi daga ƙura da hasken rana, wanda yake ƙona allon ciki idan ya ratsa ta gilasan. A tsarin darasi kuma, ku haɗa ɗalibai biyu-biyu, ɗaya yana ciki ɗaya yana kallon allo yana gaya masa inda ya kauce, sannan su tafi kan ƙarfe a ranar ko washegari, kada a bari mako ya shiga tsakani.

Shawarata ta tsaya ne a kan walda da sana'o'in da suka yi kama da ita, kamar feshin fenti, inda kusurwa da tazara da sauri suke yanke hukunci. Ba zan miƙa ta kai tsaye ga ɗinkin tela ko gyaran mota ba, inda taɓawa da jin abu a yatsu ya fi yawa. Gwaje-gwajen da na ambata kuma an yi su ne a Amurka da Turai, da mutane kaɗan, cikin ɗan gajeren lokaci, a wuraren da wuta ba ta ɗaukewa, don haka cibiyarku ce za ta auna nata. Ku ajiye farantin da kowane ɗalibi ya haɗa kafin ya fara amfani da na'urar, ku rubuta sunansa da kwanan wata a jiki, ku sake sa shi ya haɗa irinsa bayan makonni shida, sannan ku ba wani gwani wanda bai san wane ne ya yi wanne ba ya duba su. Tare da wannan ku riƙa rubuta sunayen waɗanda suke neman tabaron da kansu a mako na huɗu da na biyar, lokacin da ya daina zama sabo.